Littafin aikin rage shan mai a jiragenmu na Yauri

4 ga Nuwamba, 2024

Kuɗin mai ya kusa cinye sana'ar nan. Kafin 29 ga Mayu, 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar fetur a farashin gwamnati ba ta kai naira 200 ba. Yanzu a nan Yelwa ta haura dubu ɗaya, a gidan mai ke nan. Wajen 'yan bumburutu na bakin ruwa kuwa sai abin da suka faɗa. Jiragen gidanmu biyar ne, duk na katako, kowanne da injin Yamaha mai ƙarfin doki 40, irin wanda ake gauraya wa fetur da baƙin mai. Muna ɗaukar albasa, shinkafa, masara, siminti da bandar kifi tsakanin Yelwa, Wara da Malale, wani lokaci kuma mu yi fito daga Zamare zuwa Rofia. Mun ƙara kuɗin dako har 'yan kasuwa sun fara ƙorafi, wasu sun koma hawa mota duk da zagayen da ke ciki. Ƙari ya kai iyaka. Abin da ya rage shi ne mu rage abin da injin ke sha.

Baba ya ɗora mini wannan aiki, ni da Kawu, wanda shi ne babban matuƙinmu, da makanikenmu. Sharaɗi biyu ya gindaya: kada a ƙara lodi ko da buhu ɗaya, kada kuma a taɓa haƙƙin yaran jirgi.

Aikin farko shi ne awo. Har yau ba mu da wani rubutu da ke nuna jirgi kaza ya sha kaza. Ana cika jarkoki da safe, a tafi, a dawo, in ya ƙare a sayo. Daga gobe kowane jirgi zai riƙe ɗan littafi a cikin leda: rana, inda aka je, buhu nawa, ƙarfe nawa aka tashi, ƙarfe nawa aka isa, mai nawa aka zuba, nawa ya rage. Na sa an fiƙe sanduna an yi musu tsaga-tsaga, kowace tsaga lita biyar a jarka mai lita 25.

23 ga Nuwamba, 2024

Littattafan sun fara magana. Jirage biyu masu girma ɗaya, injinsu ɗaya, hanyarsu ɗaya zuwa Wara, lodinsu kusan ɗaya, amma ɗaya yana shan kusan jarka guda fiye da ɗan'uwansa a zuwa da dawowa. Na Kawu ne mai shan kaɗan. Na bi shi tafiya ɗaya na zuba ido. Idan jirgi ya bar gaɓa yakan murɗa totur har ya ji jirgin ya miƙe, sai ya sassauta kamar kashi ɗaya cikin huɗu, ya bar shi a nan. Yaron da ke tuƙa ɗayan kuwa, daga tashi har isa hannunsa a ƙure yake. Idan ka tsaya a bayan jirginsa za ka ga gindin ya nutse, hancin ya ɗaga, ruwa yana tashi gefe da gefe kamar an tsaga shi. Duk wannan igiyar ruwan da yake bari a baya, da mai aka saye ta. Ratar da yake bai wa Kawu a isa ba ta wuce ɗan lokacin da mutum zai yi alwala ya yi sallah ba.

Na tambayi Kawu wa ya koya masa haka. Ya ce, "Ɗana, inji yana da murya. In yana kuka, cinka yake yi."

8 ga Disamba, 2024

Na zauna na karanta yadda masu manyan jiragen teku suke fama da irin wannan matsala, don kusan kashi 80 cikin ɗari na kayan cinikin duniya ta teku suke bi, kuma hayaƙin waɗannan jirage ya kai kusan kashi 3 cikin ɗari na iskar da ke ɗumama duniya. Abin da ya fi kama hankalina shi ne, babbar dabarar da suka fara da ita ba wata sabuwar na'ura ba ce. Rage gudu ne. Wajen 2008, da mai ya yi tsada kuma ciniki ya ja baya, kamfanoni irin su Maersk na ƙasar Denmak suka sa jiragensu na kwantena su sassauta, kuma har yau ba a koma irin gudun da ba.

Lissafin yana da sauƙi in an bi shi a hankali. Jirgin da ke ture ruwa da ƙirjinsa, ƙarfin da yake bukata ba daidai da gudu yake ƙaruwa ba. In ka ninka gudu biyu, ƙarfin da za ka nema ya kusa ninki takwas. Saboda haka wanda ya rage gudu da kashi 10 cikin ɗari, man da injin ke sha a awa yakan ragu da kusan kashi 27. Tafiyar za ta ɗan ƙara tsawo, to ko an cire wannan, ana tsira da kusan kashi 19 a tafiya guda. Jirginmu na katako in ya ɗauki buhunan albasa, dokar ruwan da ke kansa ita ce ke kan jirgin da ke shiga tashar Apapa ta Legas.

Amma akwai abin da ya bambanta mu da su, kuma Kawu ne ya tuna mini. Mu a kogi muke. Daga Yelwa zuwa Wara tafkin Kainji ne, ruwa a kwance tun da aka gama madatsar a 1968, nan rage gudu riba ce tsantsa. In ka nufi sama kuwa, wajen Lolo, inda kogin Kwara ke tafe da ƙarfinsa, wanda ya sassauta da yawa zai daɗe yana ƙona mai a wuri ɗaya, ruwa yana mayar da shi. Ga shi yanzu lokacin ruwan da ke gangarowa daga Gini da Mali ne, wanda ke iso mana cikin hunturu bayan namu na damina ya janye. Don haka ba mu kafa doka ɗaya ga kowace hanya ba. A tafki da gangara, kashi uku cikin huɗu na totur. A hawa, matuƙi ya duba bakin gaɓa, in itatuwa ba sa wucewa yadda ya kamata ya ƙara.

Mun ɗaura jan zare a hannun kowane inji, daidai inda ake so a tsaya.

21 ga Disamba, 2024

Jan zare bai isa ba. Matuƙa uku sun bi shi kwana kaɗan, sun koma gidan jiya. Ban ga laifinsu ba da na zauna da su. Ana biyansu ne a kan kowace tafiya, mai kuwa Baba ke saye. Wanda ya riga isa kwata shi ke samun layin sauke kaya, shi 'yan kamasho ke fara bai wa lodin dawowa. To me zai sa mutum ya bari a wuce shi don wani ya adana kuɗi? Wannan matsala har a teku tana nan: sau da yawa mai jirgi daban, wanda ya ɗauki hayarsa yake biyan kuɗin mai daban, sai ka ga wanda ya kamata ya kashe kuɗin gyara ba shi ne zai ci ribar gyaran ba.

Na kai wa Baba maganar. Ya yi shiru, sannan ya ce a raba. An tsayar da ma'auni ga kowace hanya, gwargwadon abin da littattafan watan jiya suka nuna. Duk litar da jirgi ya rage ƙasa da wannan ma'auni, kashi ɗaya cikin uku na kuɗinta na matuƙi ne da yaransa, a ba su a hannu duk ranar Juma'a. Ban san wani abu da muka yi a wannan aiki da ya kai wannan muhimmanci ba. Wanda hannunsa ke kan totur shi ne mai yanke hukunci, ba mai littafi ba.

12 ga Janairu, 2025

Mun ja jirgi na uku zuwa tudu, da igiya da gungumai da samarin unguwa. Tun da aka yi masa gyara bara ba a ga cikinsa ba. Gansakuka ta lulluɓe shi, kore shar, mai santsi, tsawonta a wasu wurare ya kai yatsa, ga ƙananan dodon koɗi manne a tsakanin katakai. A gefen hagu akwai wani faci da aka buga da falle na kwano, bakinsa ya ɗage yana kamfatar ruwa. Aka kankare, aka bar shi ya sha iskar hunturu, aka cusa auduga a tsagogi, aka bi da kwalta, aka daddale facin ya kwanta.

Abu biyu muka samu. Ciki mai santsi yana ratsa ruwa da sauƙi, abin da ya sa masu jiragen teku ke kashe maƙudan kuɗi a kan fenti na musamman da masu nutso da ke wanke musu gindin jirgi. Na biyu kuma yoyo ya tsaya. Da can yaro ɗaya aikinsa ke nan tun daga tashi har isa, kwalfe ruwa da yankakkiyar jarka, kuma duk da haka akwai ruwan da ke kwance ƙarƙashin dandamali. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Mun daɗe muna yi wa kogi dakon ruwansa kyauta.

Sauran huɗun za a ja su ɗaya bayan ɗaya, don kada aiki ya tsaya.

2 ga Fabrairu, 2025

Makon farfela da baƙin mai.

Makanikenmu ya kwance farfelu duka ya jera a kan tabarma. Babu ko ɗaya mai lafiya. Tafkin nan cike yake da kututturan itatuwan da ruwa ya shanye lokacin da aka tare shi, kuma duk wanda ya daɗe a nan ya taɓa gamuwa da su. Wata kunnenta ya lanƙwashe, wata bakinta ya zama kamar zarto, wata an taɓa yi mata walda ta karkace. Farfela irin wannan tana kaɗa ruwa ne kawai, tana jijjiga inji. Ya kuma nuna mini abin da ban taɓa lura da shi ba: lambar da ke jikinta. Yawancin namu masu lamba 13 ne, waɗanda suka dace da jirgi marar nauyi mai gudu. Jirgin kaya yana son mai lamba 11, wadda ke ɗibar ruwa kaɗan-kaɗan, kamar yadda direban tirela ke sa ƙaramar giya a hawa. Mun aro ɗan agogon auna juyin inji. Littafin injin ya ce in an ƙure shi ya kamata ya juya tsakanin 4,500 da 5,500 a minti. Namu da lodi da tsohuwar farfela ba ya kaiwa ko ƙasan wannan, sai gurnani da hayaƙi. Da aka sa mai lamba 11 ya shiga ciki, muryarsa ma ta sauya. Mun sayi biyu, sauran sai an tara kuɗi.

Baƙin mai kuwa da ido ake zubawa, kuma kowa yana ƙarawa don tsoron kada inji ya kama. Tsoron yana da dalili, amma abin da aka tsara shi ne kashi ɗaya na baƙin mai cikin hamsin na fetur, wato rabin lita a jarka mai lita 25. Wasu suna zuba kusan ninkin haka. Shi ya sa filogi ke yin baƙi da dasƙarewa, shi ya sa shuɗin hayaƙi ke bin jirgi tun daga kwata. Yanzu kowane jirgi yana da gorar roba ta rabin lita ɗaure da igiya. An wanke kafireta duka, an sauya filogi, kuma duk man da aka saya a bakin ruwa sai an bar shi ya kwanta an tace, saboda ruwan da ke zama a gindin jarka.

15 ga Fabrairu, 2025

Ina so in rubuta wani abu a kan hayaƙi, don kada a ɗauka kuɗi kaɗai ne a gabanmu.

Irin injinmu, wanda ake gauraya wa mai, ba ya ƙona duk abin da ya sha. Yadda aka ƙera shi, wani kaso na fetur da baƙin mai yana fita ɗanye ta salansa, kuma salansar tana cikin ruwa ne. Masana sun ce abin yakan kai kashi ɗaya cikin huɗu. Duk wanda ya sauka kwata da asuba, kafin iska ta taso, ya ga wannan maiƙo mai launi-launi a fuskar ruwa. A nan mata ke wanki, a nan yara ke wanka, ƙasa kaɗan Sarkawa ke jefa birgi. Kifin da muke ɗauka zuwa kasuwa daga wannan ruwa ya fito. Wannan yana damuna ƙwarai.

Sannan kowace litar fetur da ta ƙone tana sakin kusan kilo 2.3 na iskar kabon. Jarka ɗaya mai lita 25 ke nan ta saki kusan kilo 58, ya fi buhun siminti nauyi, sai dai ba a ganinsa. Na san jirage biyar a Yauri ba su ne za su gyara yanayin duniya ba. Amma mu da muka ga yadda ambaliyar 2020 ta shafe gonakin shinkafa a Kebbi, muka sake ganin ta 2022, bai kamata a ce maganar sauyin yanayi ta wasu ce can ba. Hukumar kula da sufurin teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ke da mazauni a Landan, ta rage yawan farar wutar da aka yarda da ita a man jirage daga kashi 3.5 zuwa 0.5 tun 1 ga Janairu, 2020. Daga 2023 kuma ana ba manyan jirage maki daga A zuwa E, gwargwadon hayaƙin da suka fitar a kan kayan da za su iya ɗauka da nisan da suka yi. A shekarar ne kuma ƙasashe suka amince a kai ga daina ƙara wa duniya iskar da ke ɗumama ta daga jiragen teku wajen 2050. Na ari wannan dabara ta maki. A allon da ke rumfarmu yanzu ana rubuta lita nawa kowane jirgi ya sha a kan kowane buhu, ba a kan tafiya kawai ba. Matuƙa suna tsayawa su duba, har da gardama.

9 ga Maris, 2025

Azumi ya kama, zirga-zirgar kayan abinci ta ƙaru. Awon lita a kan buhu ya tono wata ɓarna da ta fi duk na baya: dawowa wayam. Jirgi ya kai siminti Malale ya juyo ba komai, man dawowar nan duk a kan buhunan zuwa yake hawa. Na tattara lambobin wayar dillalan masara da na kifi na can da na Wara, ina kiransu tun daren jajibiri, in ji wa ke da kaya. In an san lodi yana jira, matuƙi ba shi da dalilin tsere. In kuma an san sai la'asar za a gama ɗinke buhuna, babu amfanin a ƙona mai a isa da hantsi a zauna. Iyakarmu dai a dawo kafin magariba, don hukumar NIWA, mai kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, ta hana tafiyar dare, kuma da gaskiyarta.

A nan ne wani daga cikin matuƙa ya kawo shawarar da na san za ta zo: tunda lita a kan buhu ake dubawa, a ƙara buhu goma a kowane lodi, lissafi ya yi kyau. Kawu bai bari na buɗe baki ba. Ya ce masa, "Kai yaro ne lokacin da muka kwana muna tsamo mutane a Wara?" Kowa ya yi tsit. A watan Mayun 2021 ne jirgi ɗauke da mutane fiye da 150 ya nutse a can, kaɗan suka tsira, kuma babu gidan da ke bakin ruwan nan da labarin bai taɓa ba.

Washegari muka sayo jan fenti. An loda kowane jirgi daidai yadda Kawu ya yarda, aka ja layi a gefensa a inda ruwa ya tsaya. Jiragen teku suna da irin wannan alama tun dokar da aka yi a Ingila a 1876, bayan gwagwarmayar wani ɗan majalisa, Samuel Plimsoll, saboda yawan matuƙan da lodi ke kashewa. Dokarmu: jirgin da layinsa ya nutse ba shi da kaso a ranar Juma'a, komai man da ya rage.

19 ga Afrilu, 2025

Wani dillali ya kawo mana tallan injin da ba a gauraya wa mai, mai ɗakin baƙin mai daban kamar na mota. Gaskiya ne ya fi tsimi, musamman a matsakaicin gudu, kuma ba ya zubar da ɗanyen mai a ruwa. Ni zuciyata tana wajensa. Makanikenmu ya kawo nasa uzurin: ya fi tsada nesa, ya fi nauyi a gindin jirgi, ba ya jure gurɓataccen mai, kuma in ya tsaya maka a tsakiyar tafki ba kowane mai gyara ne zai taɓa shi ba, kayan gyaransa sai an aika Onica ko Legas. Tsohon kuwa da sifana da filaya ake tashinsa. Mun tsaya a kan cewa za a sayi guda ɗaya daga kason gidan na kuɗin da aka adana, a sa wa jirgin Kawu, makanike ya koyi cikinsa kafin a yi maganar na biyu.

Baba ya ji ina ba da labarin jirgin Pyxis Ocean, wanda kamfanin Cargill ya ɗauka haya aka kafa masa manyan fukafukai biyu masu tsawon mita 37 da rabi, ya fara tafiya da taimakon iska a watan Agustan 2023. Ya ce ai su ma da ƙuruciya sukan kafa gora su ɗaura zane in iska ta ba da baya. Kawu yana son a gwada da tamfol a hunturu mai zuwa, a kan hanyar Wara. Na rubuta, amma sai an duba yadda jirgi mai lodi zai yi in iska ta buge shi ta gefe.

25 ga Mayu, 2025

Na haɗa littattafan wata shida. A hanyar Wara, inda a da ake zuba jarka huɗu zuwa da dawowa, yanzu uku da ɗan ɗori ke isa. A kan buhu ragin ya fi haka, saboda dawowa wayam ta yi ƙaranci. Fiton Zamare bai sauya sosai ba, tafiyar gajeriya ce, yawancin man a tashi da tsayawa yake tafiya, sai dai mun hana barin inji yana aiki ana lodi. Jirgi na biyar ne har yanzu ke baya. An wanke cikinsa, an gyara kafireta, bai sauya ba, makanike yana zargin zoben fistin ya cinye, za a buɗe shi ranar Talata.

Masu jirage biyu daga maƙwabta sun zo sun kwafi tsarin littafin da na rabon kaso. Na roƙe su su haɗa da jan layin, kada su ɗauki ɗaya su bar ɗaya.

Ruwan tafki yana ta ja baya, kututture sun fara leƙowa, kuma guguwar farkon damina ta soma. Daga wannan mako, in hadari ya haɗu, matuƙi ya ƙure inji ya nemi gaɓa mafi kusa, man da ya ƙona a wannan ba za a lissafa masa shi ba. Saura farfela uku da za a saya, da rigunan ruwa na yaran jirgi na huɗu waɗanda suka yayyage. Za a sake tsayar da ma'aunin kowace hanya a watan Satumba, in sabon ruwa ya shigo da kainuwa da ciyawar da ke naɗe farfela.